Abin da Ya Ƙi Wucewa

Teburin Ilu yana nan a Fagge,
dab da kwanar da 'yan dako ke bi da diloli zuwa Kwari.
Ni ke tsaye a bayansa yanzu.
In an ce, "Ina maigidan?"
sai in ƙara wa tukunya gawayi,
in bar tururi ya yi amsawa.

Shekara talatin da ɗaya
bai taɓa hura kofi ba.
Daga bakin tukunya sai bakinsa,
wai shayin da ya huce na majinyata ne.
Karan taba a leɓe, wani a bayan kunne,
na ukun a aljihu yana jiran kira.
In dare ya raba, sai tsire mai yaji,
sai benci, sai minshari,
tun loma ba ta sami wurin zaunawa ba.

Ƙwannafi tsohon maƙwabcinsa ne,
ya san lokacin zuwansa kamar na ladan.
Jar kanwa a ƙullin leda,
ko farin ruwan nan na kemis ɗin Sabitu,
ya kurɓa, ya yi gyatsa, ya gode wa Allah.
Gara na cin azara ta ciki,
mu muna waje, shafen soro muke yabawa.

Nama ne ya fara tsayawa.
Ranar sunan 'yar Bala Dogo
ya dafe ƙirji, ya ce ƙashi ne.
Hanta ce a farantinsa.
Na gani, na yi shiru.

Sai burodi,
burodin da ya yanka wa rabin Fagge,
sai an tsoma, sai ya jiƙa.
Sai tuwo. Sai shinkafa.
Kafin azumi ya kewayo
koko kaɗai ke da izinin wucewa,
shi ma bayan tata biyu.

Sau uku na huda masa madaurin agogo da ƙusa.

Mun shiga Kurmi, mun auno saiwa da sassaƙe.
Aka ce sammu ne,
aka nuna mai shayin ƙetaren titi.
Wata bakwai muna gaba da bawan Allah
da bai san hawa ba, bai san sauka ba,
ciwo kuwa bai tsaya jiranmu ba,
yana ta gininsa, yana ƙarawa.

A asibitin Malam suka zura bututu mai ido.
Likita, wata siririya mai tabarau,
ta juyo mana da allon:
maƙoshin Ilu kamar lungun cikin birni
da gini ya ci ta dama, ya ci ta hagu,
ko akuya sai ta karkace.
Ta ce, "Tun yaushe?"
Ya ce, "Wata biyu."
Na ce, "Shekara da rabi."
Ya harare ni kamar na ɓarar da madara.
Ta kira sunan ciwon a hankali: sankara.
Ta ce, "Da ranar da naman ya tsaya..."
sai ta gyara tabarau, ta bar maganar ba ƙarasawa.

Daren Laraba ya ce in haɗa masa shayi.
Na haɗa, na fifita har ya huce,
irin wanda ya yi shekaru yana rainawa.
Ya riƙe a baki, ya lumshe ido,
ya tofar a tasa.
Ya ce, "Ka cika sukari."
Ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu.

Yanzu nakan ɗaga hannu sama sosai,
kofi zuwa kofi, har zafin ya risina.
Suna ƙorafi, wai na fiye nawa.
Jiya Tanimu mai kura ya gutsuri burodi,
ya tsaya, ya dafe ƙirji,
ya miƙo hannu a ba shi ruwa.
Na ba shi.
Na ja benci kusa da shi,
na ce, "Tanimu, tun yaushe?"